Na'urar GPS da neman tituna a biranen Nijar: inda gizo yake saƙa

Ran 15 ga watan Oktoba na shekarar 2024, mahukuntan Nijar sun sake wa wasu fitattun wurare na birnin Yamai suna. Babban titin da ake kira da sunan Janar Dagol ya koma titin Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, wanda ya riƙe muƙamin magajin garin Yamai tun kafin samun mulkin kai. Dandalin Monteil ya koma dandalin Toma Sankara. Sauya allo a bakin titi aikin yini guda ne. Amma akwai wani allon da ba a sauya shi da guduma da ƙusa, wato wanda yake cikin na'urar GPS ta direbobi da wayar salula ta jama'a. Muddin ba a gyara taswirar da ke cikin na'ura ba, mai neman sabon suna ba zai same shi ba, mai bin tsohon suna kuwa ba zai gan shi a bakin titi ba.

Wannan lamari ya sake tono wata tsohuwar tambaya da ta shafi direban taksi da ɗan kabu-kabu, ta shafi ma'aikacin buro da ɗan kasuwa, ta kuma shafi matuƙin motar asibiti: me ya sa na'urar da take kai mutum ƙofar gida a biranen Turai take ruɗewa in an tambaye ta titi ko mararraba a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa?

Abin da taurari suke yi

GPS tsari ne na taurarin ɗan adam wanda ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙirƙira domin amfanin sojojinta. An harba tauraro na farko a shekarar 1978, aikin kuma ya kammala a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya sau biyu a kowace rana, a tsayin kilomita wajen 20.200 daga doron ƙasa. A shekarar 1983, bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu da ya kauce hanya, shugaba Rigan ya ba da sanarwa cewa za a buɗe wa farar hula tsarin. Duk da haka sojoji sun ci gaba da gurɓata saƙon da gangan, har zuwa watan Mayu na 2000 lokacin da shugaba Kilinton ya ba da umurnin a daina. Daga baya Rasha ta farfaɗo da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai ta fara aiki da Galileo a 2016, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Yawancin wayoyin zamani suna sauraren fiye da tsari ɗaya.

Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana ta aiko da saƙon rediyo mai faɗin lokaci da wurin da yake. Saƙon yana gudun kilomita 300.000 a daƙiƙa guda. Na'urar da ke hannun mutum tana auna tsawon lokacin da saƙon ya yi kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisan da ke tsakaninta da tauraron. In ta samu saƙon taurari huɗu, sai ta gane inda take, da kuskuren da galibi ba ya wuce ƴan mitoci in babu abin da ya tare sararin sama. Ba a biyan ko dala domin wannan saƙo, ba ya kuma bukatar intanet. Yana sauka a Bilma kamar yadda yake sauka a Paris.

To, amma abin da wannan lissafi yake bayarwa lambobi ne kawai, irin su nisan wuri daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, da nisansa daga layin da ya raba ta gabas da yamma. Yamai tana wajen digiri 13,5 arewa da 2,1 gabas; Maraɗi 13,5 da 7,1; Damagaram 13,8 da 9,0. Tauraro bai san sunan titi ko ɗaya ba. Sunaye suna cikin taswira, taswira kuwa ƴan adam ne suke zana ta, su ne suke rubuta sunayen da ke cikinta. Nan ne gizo yake saƙa.

Yadda ake neman titi da mararraba

Na'urorin da ake liƙawa a gilashin mota, irin na kamfanonin Garmin da TomTom, suna bin matakai kusan iri ɗaya. Mai nema yana zaɓar ƙasa, sannan gari, sannan ya rubuta sunan titi, daga ƙarshe lambar ƙofa. In bai san lambar ƙofa ba, akwai wata hanya da ake rubuta wa Intersection a allon na'urar, wato mararraba: sai ya rubuta sunan titi na farko, na'ura ta jero masa titunan da suka ratsa shi, ya zaɓi na biyu. A wayar salula kuwa, cikin Google Maps da makamantansa, ana rubuta sunayen a gurbi ɗaya.

Kafin neman mararraba ya yi nasara, sai sharuɗɗa uku sun cika. Na farko, titunan biyu su kasance an zana su cikin taswirar. Na biyu, kowannensu ya kasance yana da suna ko lamba a rubuce. Na uku, mai zanen ya nuna cewa sun haɗu, domin hanya tana iya bi ta saman wata a kan gada ba tare da an iya juyawa daga ɗaya zuwa ɗaya ba. A biranen Nijar sharaɗi na farko yakan cika, saboda hotunan da ake ɗauka daga sama suna nuna kowane layi. Sharaɗi na biyu ne yake kasawa. Mai dubawa zai ga unguwa a shimfiɗe, layi-layi kamar saƙar tabarma, amma akasarin layukan babu ko harafi a kansu. Titin da ba shi da suna, na'ura tana iya bin sa, amma ba ta iya nemo shi.

Masu amfani da na'urar yau da kullum sun san ƴan dabaru. Ba a fara rubutu da Rue ko Avenue ko Boulevard, sai a rubuta jigon sunan kawai: mai neman Boulevard Mali Béro ya rubuta Mali. Ba a rubuta suna duka, haruffa uku ko huɗu na farko sun isa na'ura ta jero abin da ta sani. In titi bai fito ba, sai a nemi wani sanannen wuri da ke kusa da shi, kamar kasuwa ko tasha ko gidan likita, daga nan a taɓa wurin da ake nufi a kan taswirar da yatsa. Kuma tsohuwar taswira tana riƙe da tsohon suna, saboda haka wajibi ne a riƙa sabunta ta.

Kwatance irin na gida

Ba wai mutanen Nijar ba su san hanyar gidajensu ba ne. Suna da nasu tsari, wanda ya girmi na'ura nesa ba kusa ba. Mai kwatance yana farawa da unguwa, sannan ya kama wata alama da kowa ya sani: bayan babban masallaci, daura da farmasi, layi na uku in an bar kwalta, gida mai koren ƙyaure kusa da mai tuyar ƙosai. In baƙo ya iso nan, sai ya tambayi yara ko mai tebur, domin matambayi ba ya ɓata. Wasiƙa kuwa tun zamanin mulkin mallaka ba ta zuwa gida, tana tsayawa a akwatin gidan waya, shi ya sa takardun ma'aikatu da kamfanoni suke ɗauke da lambar BP maimakon sunan titi.

Wannan tsari ya yi aiki sa'ad da birane suke ƙanana, kowa ya san kowa. A Birnin Damagaram, wanda ya kasance hedkwatar ƙasa har 1926, lungunan cikin Birni da na Zango an san su da sunayen gidaje da sana'o'i. A Maraɗi, bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, an mai da garin kan tudu, aka yanka shi layi-layi a miƙe, amma jama'a suka ci gaba da kwatance da unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi. Yanzu kuwa al'amari ya sauya. Ƙidayar 2012 ta nuna Yamai ta haura mutum miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin sababbin fegi suke ta fitowa a gefen kowane birni. A irin waɗannan unguwanni maƙwabci bai san maƙwabci ba, koren ƙyaure ya yi yawa, mai ƙosai kuma da hantsi ta tashi. Alamar da ke iya gushewa ba ta isa a dogara da ita a birnin da ke girma kowace shekara.

Aikin da aka yi a Yamai

Hukumar birnin Yamai ta taɓa tunkarar matsalar. A shekarun 2001 da 2002, da tallafin ƙungiyar magadan gari na biranen da ke amfani da faransanci, wato AIMF, an raba birnin gunduma-gunduma bisa unguwanni, aka ba kowace gunduma haruffa biyu, aka ba kowane titi lamba. PL na nufin Filato, YN Yantala, KK Kwaira Kano, GM kuwa kewayen babbar kasuwa. Titunan da suka bi kwanciyar kogin Kwara sun samu lambobi masu rabuwa biyu daidai, masu ratsa su kuma suka samu lambobi marasa rabuwa. An kafa alluna a kusurwoyin tituna, aka rubuta lambobi a ƙofofin gidaje.

Hikimar wannan tsari ita ce bai jira sai an samu sunan da kowa ya yarda da shi ba. Raɗa wa titi sunan mutum yakan jawo muhawara, lamba kuwa ba ta da dangi, ba ta da jam'iyya. In daga baya an ba titin suna, ko an sauya sunan kamar yadda aka yi a 2024, lambar tana nan daram. Kuma irin wannan lamba ita ce ainihin abin da na'ura take bukata: haruffa biyu da adadi, babu gardamar rubutu.

Sai dai lambobin ba su shiga bakin jama'a ba. Mai shiga taksi har gobe unguwa yake faɗa da alama. Alluna suna tsufa, wasu su faɗi, wasu ruwa da rana su goge su, birnin kuma ya zarce iyakar da aka auna a wancan lokaci. Darasin a bayyane yake: lambar titi ba gini ba ce da ake ƙaddamarwa a watse. Tana bukatar buro na dindindin mai kula da rajista, mai maye allon da ya faɗi, mai ba sabon layi lamba tun ranar da aka yanka fegi.

Rubutu biyu, gari ɗaya

Akwai wata matsalar da ta fi shafar waɗanda suka yi yaƙi da jahilci a harshen hausa. Taswirorin na'ura sun gaji rubutun faransanci. Wanda ya koyi rubuta Tawa sai ya tarar da Tahoua. Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Damagaram kuwa sunanta ma daban ne, Zinder. Harafin u ya koma ou, c ya koma tch, j ya koma dj, haruffa masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ da ɓ sun ɓace gaba ɗaya. Mutum ya iya karatu, ya iya rubutu, amma na'ura ta ce masa ba ta san garinsu ba. Bugu da ƙari, sunaye irin su Sabon Gari da Zango da Tudun Wada suna maimaituwa a garuruwa da yawa na Nijar da Nijeriya, har mai gaggawa ya zaɓi na ƙetaren iyaka bai lura ba.

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki yana da aiki a bayansa, kuma taswira tana cikin aikin. Fasahar ba ta hana ba: taswirar zamani tana iya riƙe wa wuri ɗaya sunaye da yawa, na faransanci da na hausa da na zabarmanci da na sauran harsunan ƙasa, har da tsohon suna da wanda jama'a suka saba faɗa. Abin da ya rage shi ne a samu jerin sunaye da hukuma ta amince da rubutunsu, a kuma samu masu shigar da su.

Abin da rashin adireshi yake ci

Wani zai ce wannan damuwar masu motoci ce. Ba haka ba ne. Sa'ad da aka kira lamba 18 domin gobara, ko aka nemi motar asibiti domin mai naƙuda cikin dare, mintocin da direba yake ɓatawa yana tambaya daga kusurwa zuwa kusurwa suna iya zama tazarar da ke tsakanin rai da mutuwa. Da tsakar dare babu mai tebur, babu yaran da za a tambaya.

Ma'aikatar magajin gari ita ma tana asara. Ba ta iya karɓar haraji da patanti bisa adalci in ba ta san yawan ƙofofi da shaguna da ke kowane layi ba. Sai nauyin ya faɗa kan waɗanda suke bakin kwalta, na cikin lungu su tsira. Kamfanin wuta da na ruwa kowanne yana riƙe da nasa lambobin da ba su dace da na ɗan'uwansa ba. Masu allurar rigakafi da masu ƙidaya suna sake zana unguwa a duk zagaye. Ƴan kasuwa masu sayar da kaya ta waya suna biyan ɗan aike kuɗin mai da na kira sau biyu ko uku kafin kaya su isa. Kowace asara ƙarama ce in an dube ta ita kaɗai, amma in an tara su ana maganar dukiya mai yawa.

Lambobin wuri ba su maye gurbin suna ba

Jama'a sun samo wa kansu mafita: mai gida ya aika da wurin da yake ta WhatsApp, baƙo ya bi ɗigon har ƙofa. Dabara ce mai amfani, amma tana bukatar waya mai tsada da kuɗin intanet a ɓangarorin biyu. Faɗin lambobin da baki kuwa yana da haɗari. Digiri ɗaya daga arewa zuwa kudu kilomita 111 ne, saboda haka kuskure a adadi na biyu bayan waƙafi yana karkatar da mutum fiye da kilomita guda. Wanda kuma ya juya lambobin Yamai, ya sa 2,1 a gurbin arewa da 13,5 a gurbin gabas, na'ura za ta nuna masa dajin da iyakokin Kamaru da Gabon da Kwango suka haɗu.

Wasu ƙasashe sun gwada gajarta lambobin. A watan Oktoba na 2017 Gana ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar murabba'i-murabba'i na mita biyar, kowanne da lambarsa. Kamfanin Google ma yana da irin nasa mai suna Plus Codes. Waɗannan suna da amfani ƙwarai ga ƙauye da ruga da rijiya, inda babu titi. Amma a cikin birni ba su wadatar ba, domin mai tafiya da ƙafa ba ya ganin murabba'i a ƙasa, allo yake gani a bango. Gana da kanta ba ta daina aikin raɗa wa tituna suna ba.

Iyakar sanin na'ura

Ko da taswira ta cika, direba mai hankali ba ya miƙa mata linzami duka. Na'ura tana zaɓar hanya mafi gajarta, ba ta san layin da yashi ya cinye ba, ba ta san ƙoramar da take kawo ruwa da damina ba. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na ƴan kwanaki, alhali a taswira hanyoyin suna nan lafiya lau. Ba ta kuma san hanyar da hukuma ta rufe saboda tsaro ba. A hamadar Tenere, inda ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma ya daɗe yana kwatance da icce guda, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973 aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, GPS ya taimaki matafiya ƙwarai. Amma ba ya faɗin ko rijiyar da ke gaba tana da ruwa. Da ɗan gari akan ci gari.

Aikin da ke jiran kowa

Taurari sun sauke nasu nauyin, kuma kyauta. Abin da ya rage aikin cikin gida ne, ba wanda zai zo daga waje ya yi shi, domin baƙo bai san sunan lungun Zango ba.

Hukumomin birane su ne a gaba. Wajibi ne duk sabon fili da za a yanka a ba layukansa lambobi kafin a raba takardun fegi, a kuma sabunta rajistar tsoffin unguwanni. Duk lokacin da aka sauya sunan titi, kamata ya yi a buga sanarwar tare da lambar titin da tsohon sunansa, a aika wa Cibiyar taswira ta ƙasa, wato IGNN, da masu kula da taswirorin na'ura. Ma'aikatun wuta da ruwa da gidan waya da na haraji, in suka riƙa buga adireshi ɗaya a kan takardun biya, cikin ƴan shekaru mai gida zai haddace lambar layinsa kamar yadda ya haddace lambar wayarsa.

Matasa ma suna da rawar takawa. Taswirar OpenStreetMap, wadda aka kafa a Ingila a 2004, a buɗe take ga kowa ya gyara, kuma akwai ƴan Nijar masu aikin sa kai a cikinta. Manhajoji da dama da ke aiki ba tare da intanet ba daga gare ta suke ɗibar bayani. Ɗalibin da ya zagaya unguwarsu da takarda da alƙalami, ya kwafi abin da ke kan alluna, ya shigar da shi daidai, ya yi wa motar kashe gobara aikin da za ta amfana da shi wata rana. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta abin da hukuma ta tabbatar da abin da jama'a suka sani, kada kowa ya ƙaga suna don son rai.

Waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci kuwa, su ne gada tsakanin allo da jama'a. Mai iya karatu ya duba kusurwar layinsu, ya karanta haruffa da lambar da ke wurin, ya rubuta su a bangon zaure, ya koya wa iyalinsa da maƙwabtansa. In allon ya faɗi, ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya kai magana ma'aikatar magajin gari. Ranar da yaro ɗan shekara goma zai iya faɗa wa mai ɗaukar kira na lamba 18 sunan layinsu da na layin da ya ratsa shi, a ranar ce na'urar GPS za ta fara cikakken aiki a biranen Nijar.